Birki na Biyu

A gidanmu, idan ƙarfin dattijo ya fara ja da baya, babban ɗa ake miƙa wa al'amuransa. Haka aka yi lokacin da idanun mahaifinmu suka rufe, ni na riƙe. Haka kuma aka yi wa ƙanen mahaifinmu da ɓarin jikinsa ya shanye, babban ɗansa ya riƙe, ba a ji ko tari daga bakin kowa ba. Saboda haka, ranar da ƙanena ya roƙe ni in raka shi ofishin lauya in zama shaidarsa, na ɗauka aiki ne na shiga da fita.

Ƙanen nan nawa makarantar koyon tuƙi gare shi, wadda ya buɗe tun kafin ya yi aure. Ofis ɗaya ne a ƙasa, da allon alamomin hanya da rana ta koɗar, sai fili a baya inda aka jera tsofaffin tayoyi da duro-duro marasa komai domin masu koyon juya mota. A saman ofishin ɗakinsa yake, inda ya koma da zama bayan rasuwar matarsa. Ɗalibansa suna kiransa Malam Sannu, domin kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan a cikin mota. 'Ya'yansa biyu ne. Namijin injiniya ne, muna kiransa Babba. Macen malamar firamare ce, har yau Auta ake ce mata, ko da yake 'yarta ta shiga jami'a.

Mantuwa ce ta kai mu wurin lauya. Ta fara da sunayen ɗalibai, ba wanda ya damu. Daga baya ya koya wa wata ɗaliba darasi ɗaya sau biyu a yini guda, da ta faɗa masa ya ce ba a yi haka ba. Likita ya auna shi, ya ce cutar mantuwa ce a farkonta, tana tafiya a hankali amma ba ta komawa baya, ya kuma ba shi shawara ya tsara al'amuransa tun hankalinsa yana cike. Ƙanena ya bar koyarwa ga malamai biyu da ke ƙarƙashinsa, amma bai bar tuƙa kansa ba.

Lauyar mace ce mai matsakaicin shekaru, wadda ba ta ɓata magana. Ta ajiye takardar a gabansa, ta rage ƙarfin fanka don kada iska ta ɗauke ta.

"Takardar wakilci ke nan, Baba," in ji ta. "Ranar da likitoci biyu suka tabbatar ba za ka iya yanke shawara da kanka ba, wanda ka sa sunansa a nan shi zai sa hannu a madadinka. Shi zai yi magana da asibiti da banki, shi zai ce a ci gaba da makaranta ko a rufe, shi zai ce ina za ka zauna. Kafin wannan rana, takarda ce kawai a cikin durowa."

"Idan ban rubuta ba fa?"

"Sai 'ya'yanka su tafi kotu, alƙalin da bai taɓa ganinka ba ya zaɓa maka. Sunan wa zan sa?"

Na amsa a madadinsa da cewa Babba, na kuma kawo mata misalan nan biyu na gidanmu, domin ta san ba da ka muke yin abu ba. Har ta ɗauki biro, sai ƙanena ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar.

"Yaya," ya ce da ni, "ka taɓa ganin na ɗauki malami aiki ban zauna kusa da shi a mota ba?"

A nan ya kamata a bayyana yadda yake ɗaukar ma'aikata, domin a kan wannan al'amarin duka ya rataya. Motar koyarwa tana da birki da kuloci na biyu a gaban kujerar malami, waɗanda sandar ƙarfe ta haɗa da na direba. Idan mutum ya zo neman aikin koyarwa, ƙanena ba ya duba takardunsa. Yakan zaunar da shi a kujerar malami, shi kuma ya riƙe sitiyari ya zama ɗalibi, ya zagaya filin lafiya lau, sa'an nan ba zato ya nufi duro. Haka ya gwada Dogo, wanda ya taka birki har hular ƙanena ta faɗa kan sitiyari, kuma Dogo yana nan a makarantar har gobe. Haka ya gwada wani mai lafazi da ya zo da jakar takardun shaida, wanda ya yi ta yabon tuƙin har mota ta hau taya, aka sallame shi da godiya. 'Ya'yansa ba su san wannan ba, domin ba wanda ya bi sana'ar a cikinsu.

Lauya ta ce babu gaggawa, a bar wurin sunan a buɗe, mu dawo idan ya yanke shawara.

Babba aka fara gwadawa, wata Asabar da safe. Ya zo da lemo da magungunan mahaifinsa, ya gaishe ni a durƙushe kamar yadda ya saba. Da mahaifinsa ya ce su zagaya filin a ji ƙarar injin, sai ya buɗe masa ƙofa, ya zauna a kujerar malami, ya janye dogayen ƙafafunsa daga birkin kamar mai gudun taka shimfiɗar baƙo. Ni ina baya.

Zagaye na farko ya tafi daidai, na biyu ma haka. A na uku ƙanena ya miƙe sitiyari ya nufi duro-duron nan.

"Baba," in ji Babba a hankali. "Baba, kamar akwai duro a gaba."

"Wane duro?"

Motar ta buge biyu, ɗaya ya gangara har jikin katanga. Kafin injin ya gama mutuwa Babba ya fita, ya tayar da su, yana faɗa da ƙarfi cewa wa ya jera su a tsakiyar hanya, alhali a nan suke tun yana wasa a bayansu da gajeren wando. Ya ciro hankici ya goge inda fenti ya karce, ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Ba komai, Baba. Rana ce ta haske maka ido. Ni ma da ni ne da na buge."

Bayan ya tafi, ƙanena ya daɗe yana kallon birkin na biyu. "Ƙafarsa ta ɗaga," ya ce da ni. "Na gani ta gefen ido. Ta ɗaga, ta koma."

Auta ta zo ranar da za mu koma wurin lauya, bayan ta tashi daga makaranta, da alli a hannun rigarta. Tarihinta da mota sananne ne a dangi. Ta faɗi gwajin tuƙi har masu gwajin suka san ta da fuska, kuma da ta sami lasisin sai ta ajiye shi a jaka ta ci gaba da hawa bas.

"Ni za ka sa a kujerar malamai, Baba? Ni da ka ce idan na riƙe sitiyari har kaji sai sun nemi mafaka?"

"Shiga dai. Da a ce da baki ake tuƙi, da ke za a riƙa aikawa ƙasashen waje."

"Baffa, ka ɗaura bel," ta ce da ni. "Ban yarda da fuskar nan tasa ta yau ba."

Ya yi zagayensa biyu kamar yadda ya yi wa wanta. A na uku, bai ko gama miƙe sitiyarin ba ta sauke ƙafa a kan birki da dukkan nauyinta. Motar ta yi tsalle ta mutu, goshina ya taɓa bayan kujera.

"Me na yi?" in ji shi.

"Ka nufi duro."

"Tsakanina da duron nan ai sai a kafa rumfa a yi taro! Malamin da ke taka birki da wuri kashe zuciyar ɗalibi yake yi. Gobe yaro ba zai yarda da ƙafarsa ba, domin ya san akwai wata ƙafa a gefe mai rawar jiki. Wanda ya taka da wuri ya faɗi, kamar dai wanda bai taka ba."

Ta dube shi, ta juyo ta dube ni. "Ashe jarrabawa ce? Ta takardar nan ta lauya?" Ta harɗe hannuwa. "To, ni ban rubuta neman aiki ba. A ba Yaya Babba, shi ne mai haƙuri. Ni yara talatin na jirana kullum, ba sai an ƙara min da tsoho mai taurin kai ba."

Na ce tunda dukansu biyu sun faɗi, hanya a fili take, a koma ga abin da aka saba. Ƙanena bai musa ba. Aka buga wa Babba waya ya same mu a ofishin lauya. Auta ta ce a rage mata hanya tunda ta unguwarsu za a bi, don haka ta ci gaba da zama a kujerar malami, fuskarta a taga.

Tsakanin makarantar da ofishin lauya akwai wani shataletale, wanda ba na jin akwai mai rai da ya fi ƙanena zagaya shi. A nan yake kai kowane ɗalibi kafin gwaji. Ya rage gudu yadda ya dace, ya duba madubi, ya ba da alama, sa'an nan ya karya sitiyari ya shiga ta hannun da motoci ke fitowa.

Na buɗe baki zan tsawata masa cewa titin jama'a ba wurin gwaji ba ne, sai idona ya faɗa kan madubi. A fili, duk lokacin da ya nufi duro, yakan saci kallon ƙafar wanda ke gefensa. Yanzu ba ya kallon ƙafar kowa. Gaba yake kallo, hankalinsa kwance, kamar mutumin da ke kan daidai.

"Baba, ba hannunka ba ne," in ji Auta.

Ya ci gaba da tafiya.

"Baba."

Wata bas ta kunno kai tana oda. Sai a lokacin ta taka birki da kuloci tare, ta kama sitiyari da hannu ɗaya ta ja mu gefen titi, ta kashe injin, ta zare makulli. Bas ɗin ta wuce mu da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Direbanta ya leƙo yana ɗaga hannu.

"Tsoho! A gidan wa ka koyi tuƙi?"

Ƙanena ya bi bas ɗin da kallo, ya dubi shataletalen.

"Yaushe suka canza hanyar nan?"

"Ba su canza ba, Baba. Kai ne ka shiga ta inda ba a shiga. Sauka ka zagayo nan."

"Ni kike ce wa in sauka?"

"Kai nake ce wa."

Mutane sun fara taruwa, wani mai gyaran taya ya gane shi yana nuna wa na kusa da shi. Na sa ran za ta sassauta, ta ce rana ce ko gajiya, ko don idon jama'a. Ba ta sassauta ba. Ta fita ta zagaya, ta buɗe ƙofarsa ta tsaya tana jira. Ya daɗe a zaune kafin ya sauko.

Ita ta kai mu. Motar ta mutu a hannunta sau biyu kafin ta juya ta, kuma ba ta wuce giya ta biyu ba har muka isa, masu keke suna wuce mu. Daga kujerar malami, ba tare da ya dube ta ba, ƙanena yana cewa, "Sannu. Saki kuloci a hankali. Sannu."

Mun tarar da Babba ya riga mu. Da son raina ne da an bar abin da ya faru a cikin mota, amma kafin mu gama zama Auta ta labarta wa lauya komai, ba ragi. Lauya ta ce lalle wannan ya shafi aikinta, domin takardar ba ta da ƙarfi idan mai sa hannu bai fahimci abin da yake yi ba. Ta fitar da mu duka zuwa baranda ta zauna da shi shi kaɗai. Da ta kira mu, ta ce ya maimaita mata ma'anar takardar da bakinsa fiye da yadda ita ta faɗa, ta gamsu, amma za ta nemi likitansa ya rubuto shaida a haɗa.

"Sunan wa zan sa, Baba?"

"Auta."

Babba ya sunkuyar da kai yana juya agogon hannunsa. Da ya ɗago, muryarsa ƙasa take. "Baba, na yi wani laifi ne?"

"Ba ka yi ba. Tun kana yaro ba ka taɓa ce min a'a ba, kuma na ji daɗin haka iyakar rayuwata. Amma rana na zuwa da zan ce lafiyata ƙalau, a ba ni makulli, a ba ni biro. Kai za ka ba ni, domin ba ka iya ganin na ji kunya."

Na ga wajibi ne in tunatar da shi yadda aka yi da mahaifinmu, na kuwa tunatar da shi. Ya saurare ni har na kai ƙarshe, kamar yadda ƙane ya kamata ya yi.

"Yaya, Baba ido ya rasa, kansa yana nan. Abin da ya ce shi kake aiwatarwa, ka kuma aiwatar da kyau. Ni kai ne zai tafi, baki ya ci gaba da ba da umarni. Ba shari'a ɗaya ba ce."

Na auna maganar na ga bambancin gaskiya ne, domin misali ba ya ɗaure abin da bai yi kama da shi ba. Ban sake musu ba.

"Ni fa ka kayar da ni ɗazu," in ji Auta.

"A fili kin faɗi. A titi kin kira ni sau biyu kafin ki taka. An gyara miki kuskure da rana, kin ɗauka kafin la'asar. Haka nake son malami."

Lauya ta ba da shawara a sa Babba a matsayin wakili na biyu, wanda zai riƙe idan ƙanwarsa ta kasa, a kuma rubuta cewa ba za ta yanke babbar shawara ba sai ta sanar da shi. Aka amince. Sa'an nan ƙanena ya nemi a ƙara sharaɗi cewa ba za a taɓa fitar da shi daga ɗakinsa na saman makaranta ba.

"Wannan ba zan ɗauka ba," in ji Auta. "Bene ne, Baba. Ranar da matakala ta fi ƙarfinka zan sauko da kai, ko kana zagina. Gara ka ji yau da kunnenka."

"Kin ji ta ko?" ya ce da lauya. "Ko tawada ba ta bushe ba."

Aka rubuta cewa zai zauna a ɗakinsa muddin zaman bai zama haɗari gare shi ba. Ya sa hannu, na sa, sakataren lauya ya zama shaida na biyu, aka buga hatimi.

A bakin mota ya miƙa wa Auta hannu. "Lauya ta ce takardar ba ta fara aiki ba. Ba ni makullina."

"Gaskiya ne, ba ta fara ba." Ta ajiye masa shi a tafin hannu. "Amma ni ba zan shiga ba, ba zan bar Baffa ya shiga ba, kuma gobe da safe zan gaya wa likita abin da ya faru."

Ya tsaya da makullin yana jujjuya shi. Babba ya matso zai yi magana, na riƙe hannun rigarsa. Daga ƙarshe ƙanena ya mayar mata, ya zagaya ya zauna a kujerar malami, ya ɗaura bel. Bai sake tuƙi ba daga ranar.

Likitoci biyun sun sa hannu bayan shekara da wani abu, takardar ta fito daga durowa. Auta ta bar makarantar a hannun Dogo, ta sa aka yi wa matakalar madafa, ta ɗauki mai kwana da shi. Kowace Asabar tana fita da shi a motar koyarwa, domin nan ne kaɗai hankalinsa yake kwanciya. Sai dai ya fara taka birkin na biyu ba dalili, kuma wata rana ya taka shi a tsakiyar babban titi, wata mota ta kusa shiga bayansu. Ta yanke shawarar a cire birkin gaba ɗaya, ko kuwa mahaifinta ya koma kujerar baya. Ta sanar da wanta kamar yadda aka rubuta.

Babba bai yi gardama ba. Ya zo da akwatin kayan aikinsa lokacin da mahaifinsu ke barcin rana, ya cire rigarsa ta ofis, ya kwanta a ƙasan motar. Ya kwance sandar ƙarfen da ta haɗa birkin biyu, amma ya bar abin takawar a wurinsa, ya sa masa waya mai ƙarfi yadda idan an taka zai yi tauri kamar da.

"Birkin na hannunki," ya ce da ƙanwarsa yana goge baƙin mai. "Ki bar masa wurin ajiye ƙafa."

Haka ake yi har yanzu. Tana tuƙi tana lura da ƙafarsa ta gefen ido. Idan ya taka kuma hanya ta ba da dama, sai ta tsaya. Idan ba ta bayar ba, sai ta ce, "Na gani, Malam, bari mu wuce nan," ta wuce. Malam take ce masa a cikin mota, domin yawancin lokaci ɗaliba yake ɗaukarta.

Asabar ɗin da ta wuce na bi su. Ta zagaya shataletalen nan a giya ta uku, ta dawo fili, ta shiga tsakanin duro biyu da baya ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ya juyo ya dube ni, ya gane ni, abin da ba kullum yake faruwa ba.

"Yaya," ya ce, "yarinyar nan za ta iya. A ba ta lasisi."

Na ce masa an riga an ba ta.